Allunan da na kafa wa masu wucewa

Da safe na tarar bangon ɗakina na gabas ya zube, ruwan jiya ya cinye shi.

Tun da rani ɗana ya aiko allunan siminti don kare ginin ƙasa daga damina, amma bango guda kawai suka isa. Na kafa su a bangon yamma, gefen hanyar Konni, don a daina cewa tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tsiyace.

Matata ta leƙo ta inda ya rushe. "Malam, ba kai ka koya wa yara cewa hadari daga gabas yake tasowa ba?"

Na ce, "Ni ne."

"To, madalla. Bari in kwashe tabarmata."

Ku da kuka wuce kuna yabawa, wa zai ba ni wurin kwana?