Alluran Malam Gurbi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani direban kamfaninmu ya raɗa mini cewa wai mai kula da sito yana zura wa wani tela zare a allura kowace safiya, a ɓoye. Ban yarda ba. Direban nan mutum ne da in ya ce maka ana ruwa sai ka miƙa hannu waje ka taɓa. Na ce masa ya je ya ji da tayoyin motarsa.

Mai siton da ake magana shi ne Malam Gurbi, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na jinkirta wannan rubutu da gangan, kuma dalilin zai fito a gaba.

Shekara ashirin da shida muka yi tare a kamfanin ɗinkin kayan ma'aikata, ni a teburin yanka, shi a sito. Yadi, zare, maɓalli da allura duk a hannunsa suke. Bahago ne, mai ƙarancin magana, kuma ba a taɓa jin wani abu ya ɓace a wurinsa ba, in ban da tabaransa, wanda kullum yake nema alhali yana bisa goshinsa.

Koyar da Turanci ba ya cikin aikinsa. Ya dai lura cewa takardun odar kaya da Turanci suke zuwa, kuma da yawanmu in mun je asibiti ko makarantar 'ya'yanmu sai mu yi ta gyaɗa kai kamar mun gane. Sai ya fara tara mu a sito lokacin hutun rana, rabin awa, muna zaune bisa bandiran yadi. Allonsa bayan ƙofar kabad ne, allinsa kuwa allin tela.

Malam, hanyarka ɗaya ce, ba ka taɓa canza ta ba. Ka rubuta farkon jimla, ka ja dogon layi, ka juyo ka ce, "Cika gurbin." Daga nan sunan ya bi ka, har matarka ta koma kiran ka da shi. Kuma kana da doka guda: ba a cika gurbi da ƙarya. Ka ce wanda ya yi misali da jirgin saman da bai taɓa shiga ba, kafin ya isa gida ya manta jimlar, amma wanda ya yi misali da ciwon bayansa, duk sanda ya sunkuya zai tuna.

Ranar da nake son ba da labarinta, abin da ya rubuta a allo shi ne "I used to", sai layi. Ya bayyana mana cewa da wannan ake faɗin abin da mutum ya saba yi a da, ya kuma daina. Duk aikin da ka ɗora a bayansa, ka shaida wa mai sauraro cewa yanzu babu shi. Aka fara zagayawa. Direba ya ce da yana gudu da mota, Malam ya ce a sake, domin jiya ma an gan shi. Mai guga ta ce da tana tsoron surukarta, muka tambaye ta yaushe ta daina, ta ce ranar da aka binne ta. Ni na ce da ina da gashi. Wannan kam babu wanda ya yi gardama.

Sai aka zo kan Baba Maɓalli. Shi ne mai aikin hannu na ƙarshe a kan kowace riga: ɗinka maɓalli, kama bakin riga, gyara abin da keken ɗinki ya tsallake. Ya girme mu duka, kuma a aji bai cika buɗe baki ba. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya haɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ce da yana ganin kafar allura.

Muka yi dariya, har da ni, don mun ɗauka irin tawa ce ta gashi. Malam bai yi ba. Ya dube shi kaɗan, ya ce jimla ta yi daidai, ya wuce kan na gaba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke bayan wannan magana. A kamfaninmu, telan da idonsa ya gaza sallamarsa ake yi. Ɗakin da Baba yake zaune na kamfani ne, kuma a cikinsa akwai matarsa da ɓarin jikinta ya shanye. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Ga kuma mai duba aiki, wadda muke kira Inna Sake, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Mace ce da za ta ɗaga riga sama, ta hango zare guda da ya karkace, ta jefo maka ita ba tare da ta dube ka ba. Abin da Baba ya kasa faɗa da harshen da aka haife shi da shi, ya faɗe shi da harshen aro, wataƙila don a can kunya ba ta da nauyi sosai. Mu goma sha biyu muka ji, mutum ɗaya ya saurara.

Hannun Baba bai manta aiki ba, da lalube yake ɗinki, kuma ɗinkinsa ya fi na masu ido. Zura zaren ne kawai ya gagare shi. Bayan wannan darasi da 'yan makonni direba ya kawo mini raɗar da na ambata. Bayan wasu shekaru mai shara ta ce mini kullum in ta zo da sassafe tana tarar da Malam a sito, ya saukar da tabarau kan hanci, gabansa ɗan matashin allura, yana zura wa allurai zare yana jera su launi-launi, fari a dama, baƙi a hagu, guda arba'in. Ita ma ban ba ta gaskiya duka ba, don tana da ƙarin gishiri.

Sau ɗaya na tambaye ka kai tsaye, Malam, muna wanke hannu a famfo. Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba, don dokarka ta hana ka ƙarya ko a wajen aji. Ka yarfe hannu ka ce, "Mai yanka, wannan gurbin ba naka ba ne." Na ji haushi kwana biyu, sannan na bar maganar.

Ba zan ce marigayi ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, kuma ya yi shekara bakwai yana gyara mini kalma ɗaya a gaban mutane. Amma ɗalibansa suna nan. Mai guga yanzu ita ke karanta wa unguwarsu takardar magani. Direba ma ya iya ba da haƙuri da Turanci, abin da yake yawan bukata.

Rana ta uku da rasuwa, a gidan makoki, aka ja ni gefe kusa da inda ake ajiye takalma, aka ba ni labarin a karo na ƙarshe. Aka ce tun makon farko aka gane ba Baba ke zura zarensa ba, domin ƙullin bahago ba ya kwanciya irin na mai dama, kuma Baba da hannun dama yake aiki. Na ce to me ya sa ba a kai magana sama ba? Ga amsar da aka ba ni:

"An ɗauke ni in duba maɓalli ne. Shekara goma sha ɗaya, ko ɗaya nasa bai taɓa faɗuwa ba."

Na ce, da Malam ya kwanta jinya fa, wa ke zura zaren? Aka ce in daina tambayar abin da na riga na sani. Na ce Baba ya gane? Aka ce ranar farko ya shafa alluran, ya ce ƙulli ya canza hannu, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Baba Maɓalli ya yi ritaya a ƙarshen watan Maris, da takardarsa ta yabo, ya koma gidan ɗansa tare da matarsa. Abin da nake jira ke nan. Na je na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta, amma da Hausa.

Allah ya jiƙan Malam Gurbi, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya ɓoye na alheri ya tarbe shi a bayyane. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, da ƙannensa, da duk wanda ya taɓa zama bisa bandirin yadi yana neman abin da zai cika layi da shi. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Direba ne ya fara gaya mini, na ƙaryata shi, kuma ina neman afuwarsa a kan wannan guda ɗaya. Wadda ta gaya mini a ƙarshe, da ɗan jan zare maƙale a hannun rigarta, Inna Sake ce.