Fijon Saje Ezekiel

Duk wanda ya zauna Zuru a shekarun dubu biyu ya san Saje Ezekiel, tsohon soja, kuma ya san Fijonsa 404 mai ruwan toka da ke ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa. Ni maƙwabciyarsa ce, shekara tara ban taɓa jin kukan injinta ba. Ba laifin motar ba ne. Shi ne ya hana kowane makanike taɓa ta, wai hannunsu da datti. Amma kullum da safe sai ya wanke ta, ya goge bamba har tana ɗaukar ido.

Kada Allah ya sa ka yaba sabuwar mota a gabansa. Zai ce motocin yanzu duk kamar guntun sabulu suke, ba fuska ba ƙirji. Tasa kuwa idanunta a buɗe, kafaɗunta a tsaye, ko a fareti ba ta jin kunya. Chukwudi mai sayar da kayan mota ya taɓa tambayarsa abin da kyan mota zai yi wa mai sauri. Wata uku Saje bai amsa gaisuwarsa ba.

Da auren autarsa Gladys ya taso, sai ya kafe cewa a Fijo za a kai ta coci, don a cikinta ya ɗauko uwarta, marigayiya Saloma, daga Manga. Gladys ta yi kuka, ta ce ƙawayenta za su yi mata dariya har ta tsufa. Ga shi Chukwudi ya yi alkawarin aro mata mota mai sanyi. Ni kaina na goyi bayanta, amma na tausaya wa tsohon, don kwana biyu ya kasa cin tuwo.

Sai ya kira angon, Justice. Ya tuna masa cewa a da sai saurayi ya yi shekaru yana golmo, yana noma wa surukinsa tare da abokansa, kafin a ba shi mata. Shi ya yafe noman. Abin da yake so kawai, ƙarti goma sha biyu ranar Asabar.

Haka aka yi. Samari cikin kwat suna turi suna zufa, Saje a kan sitiyari da lambobinsa a ƙirji, yana leƙowa yana yi musu faɗa wai gudun ya yi yawa. Gladys na kujerar gaba, wadda bai taɓa barin kowa ya zauna a kai ba, ta rufe fuska saboda kunya. Ina baya riƙe da jelar rigarta, na ji ta ce ai da Mama na nan da ba ta yarda da wannan abin kunya ba.

Sai Saje ya ce, "Ɗiyata, ran namu auren, mai ya ƙare muna a Dabai. Na manta ban sha ba. Uwarki ta sauka da farar riga ta tura ni, tana dariya har ƙohwar coci."

Gladys ta buɗe fuskarta. Ta sauke gilashi, ta fara ɗaga wa mutanen bakin hanya hannu. Saje kuwa ya ciro tsumman goge bamba ya share idanunsa.