Amshin da Na Bari a Buɗe

A Bahiya, garin da jirgin bayi ya sauke mu can ƙetaren teku, da zafi Kirsimeti take zuwa. Teku ya kwanta luf, mangwaro ya nuna har ya riƙa faɗowa da kansa, ƙararrawar coci ta yi ta kaɗawa daga wannan tudu zuwa wancan har kunne ya daina jin ta. Yanzu da na tsufa, in na lumshe ido ba gidajen nake gani ba. Fararen ƙyallaye nake gani a shanye bayan ɗakina a unguwar Barokinya, iskar teku tana kumbura su tana saki.

Mu goma sha ɗaya ne masu yawon waƙa a lokacin bikin, duk Hausawa. Akwai masu ɗaukar Turawa a kujera, da mata masu wanki, da wani wanzami wanda muryarsa ta fi askinsa kyau nesa ba kusa ba. Wasu sun fanshi kansu, kamar ni da na fanshi kaina da suyar ƙosai, wasu kuwa har lokacin bayi ne, sai ranakun biki ake sako su. Ni ce mai bayarwa, su suna amsawa. Ba yabon kai ba, in na ɗaga murya a dandalin fadar gwamna, masu kwale-kwale can ƙasan tudu sai sun ɗago kai.

Al'adar garin ce, daga Kirsimeti zuwa ranar da suke kira ta Sarakuna, mawaƙa su bi gida-gida, a buɗe musu ƙofa a ba su abin da ya samu. Mu ma muka shiga sahu, sai dai mu ba kuɗi muke roƙo ba, farin ƙyalle muke roƙo: tsohon zanen gado, mayafin tebur, labulen da ya koɗe. Dalili kuwa, bawa in ya mutu a garin nan rami ake jefa shi a bayan gari, tsirara kamar yadda aka sauke shi daga jirgi. Muka ce namu dai ba za su tafi haka ba.

Wani dattijo maɗinki shi ne malaminmu, kuma shi ke yanka likkafanin. Duk shekara sai ya yi mita.

"Ku dai ba ku da kunya. Musulmi da ku, kuna rera waƙa a bikin Nasara."

"To Malam," in ce masa, "ka fito ka yi musu wa'azi, mu ga ko za su ba ka ko tsumma."

Sai ya ja tsaki, ya miƙo hannu ya karɓi ƙyallayen. Ni ke wankewa, shi ya yanka ya jera a adaka. In saƙo ya zo cewa wani namu ya rasu, ko a ina ne, ya ɗauko ɗaya ya aika. Masu kawo saƙon sunan coci suke faɗa, wanda Turawa suka liƙa wa mamacin, sunan da ba ya gaya maka ko ɗan wane ne.

Ni kuma ina da tawa buƙatar a cikin yawon nan. Jirgi ɗaya ya kawo ni da ƙanwata, autarmu, aka raba mu a bakin ruwa ranar da aka sauke mu. Na ga ƙeyarta, na ga wani mai hular ciyawa ya ja ta ya sha kwana, shi ke nan. Muna yara a gida mun ƙagi wata waƙar banza a bakin dutsen niƙa, wadda duk duniya mu biyu muka san ta. Ni in ce, "Wa ya zubar da geron inna?" ita ta ba da amsa. To, a ƙofar kowane gida, bayan mun gama waƙoƙinmu, sai in jefa wannan tambaya da duk ƙarfina, sannan kowa ya yi shiru. Amshin ban taɓa gaya wa kowa ba, don duk bakin da ya fito da shi, daga wurinta ya samo.

Shirun nan har yau ina jin sa a jikina. Mu tsaya a rana, ƙyallaye a kafaɗa, kunnena yana ratsa bango, ya wuce tsakar gida, ya leƙa madafa, ya sauka ɗakunan ƙasa inda bayi ke kwana. Sai in ji ɗigar ruwa a randa, ko kukan jariri, ko wata tana kankare tukunya. Turawa sun ɗauka gwaninta ce. Wata uwargida har tafa mana take yi daga taga in mun yi shirun.

Wanzami kan ce, "Yaya, ki gaya mana amshin mana. Wallahi shirun nan ƙaiƙayi yake sa ni a maƙogwaro."

"Ranar da ka cika mini gurbin nan," in ce, "da askarka zan rage maka harshe."

Shi ne kuma duk shekara yake cewa mu je Itapuwa, ƙauyen masunta can bakin teku, wai akwai namu da yawa a wurin. Ni ce nake hanawa. Tafiyar rabin yini ce a yashi, ga warin kifi, kuma wane farin ƙyalle masunci yake da shi? Na riga na saka a raina cewa yarinya kyakkyawa irin ta, mai wushirya, a gidan bene za a ajiye ta tana yi wa uwargida fifita. A gidajen bene na yi ta nemanta shekara tara.

A shekara ta tara ɗin wani gida suka ba mu mayafin tebur mai faɗi, lallausa, amma jan giya ya zube a gefe guda. Na wanke shi sau bakwai, na goga lemun tsami, na shanya a rana kwana uku. Jan ya tafi, ya bar wata inuwa mai kamar tafin hannu. Raina ya ɓaci, na kai wa Malam na ce a yar. Ya shinshina, ya ɗaga shi a haske, ya ce ya tsarkaka. Na ce, "To duk wanda wannan ya faɗa wa, ko a mutuwa bai yi sa'a ba." Malam ya dube ni, ya ce, "Ki iya bakinki, 'yar nan." Ya ninke ya saka a adaka.

Da Kirsimeti ta zagayo, sauran suka haɗa kai suka rinjaye ni, muka kama hanyar Itapuwa bayan sallar asuba. Ina tafe ina mita, amma hanyar ta kashe mini baki. Farin yashi har iyakar gani, itatuwan kwakwa sun sunkuya wajen ruwa, teku yana zuwa ya lashi ƙafafunmu ya koma. Muka fara rerawa a hankali ba don kowa ba. Can na ji kamar ba tafiya nake ba, kamar hanyar ce ke wucewa ta ƙarƙashina, har na ga rumbunan garinmu a tsakanin itatuwan. Da na ƙifta ido sai na ga bukkokin masunta ne.

A can ake narka kitsen ƙaton kifin nan na teku a yi man fitila, har da haƙarƙarinsa suke yin shinge. Mutane suka fito, suka kewaye mu, wani tsoho ya yi ta kuka da ya ji Hausa a bakin mata. Ƙyalle kam kamar yadda na faɗa, ɗan abin da ba a rasa ba. Da azahar muka ƙarasa gidan Baturen da ke da wurin, dogon gida mai baranda, ƙofofi duk a rufe don iyalin sun tafi birni biki. Muka yi waƙa biyu don bayin gidan. Na gaji, maƙogwarona ya bushe, na jefa tambayar don dai sabo.

"Wa ya zubar da geron inna?"

Muka yi shiru. Sai daga ƙarshen baranda murya ta ce, "Ba ni ba ce, kaza ce, kaza mai jan wuya."

Muryarta ce. Har da yadda take jan ƙarshen kalma kamar za ta yi dariya. Ban san lokacin da na watsar da ƙyallayen ba, na haye barandar da gudu ina kiran sunanta na gida, wanda shekara goma ban furta shi da ƙarfi ba. Na iske ba kowa, sai wani koren aku a kan sanda, an ɗaure masa ƙafa da siririyar sarƙa. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, sannan ya yi wani ɗan busasshen tari, irin na mutum.

Wata tsohuwar Bayarabiya mai dafa abincin gidan ta fito tana goge hannu. Da guntun yarenta da guntun na Turawan muka fahimci juna.

"Iya, wa ya koya wa tsuntsun nan?"

Ta dubi bakina, ta dubi goshina kamar ta ga fuskar da ta sani, sai ta dafa bango. Ta ce wata Bahaushiya ce mai wushirya, ita ke niƙa masarar gidan a nan ƙarƙashin sandar akun tun ranar da aka kawo ta. Tari ya kama ta, ta rasu da daminar da ta wuce.

Wata shida ke nan. Da na bi maganar wanzami ko sau ɗaya, da na same ta zaune a wurin nan. Wannan ni na yi wa kaina, kuma ban taɓa neman wanda zan ɗora wa ba.

Na ce, "Da me kuka rufe ta, Iya?"

Ta ce masunta sun aika birni wurin wani malami, aka kawo farin ƙyalle lallausa, irin wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba tana da rai. "Akwai ɗan tabo a gefe," in ji ta, "sai na juya shi ya koma ƙasa." Na zauna daɓas a dandamalin. Hannuna ne ya wanke shi sau bakwai, bakina ne kuma ya faɗi abin da ya faɗa.

Sauran suna tsaye a rana, ba mai motsi. Na sake jefa wa akun tambayar a hankali, ya amsa. Na sake, ya amsa. Tsohuwar ta rufe baki da hannu tana kallonmu, ni da tsuntsu.

"Ashe waƙar da farkonta," ta ce. "Mu rabi muka sani. Kullum in tana niƙa sai ta tsayar da dutse ta yi shiru, ta karkata kai wajen hanya, sannan ta faɗi wannan. Ta sake yin shiru, ta sake faɗa. Mun ɗauka ta manta sauran ne."