Guduma da Tagar Ɗakin Horo

An haifi marigayin da aka fi sani da Guduma a shekarar 1961, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa tana saƙa.

Sana'a da iyali

Karatu bai karɓe shi ba, ya faɗa walda. Ya yi aure a 1985, Allah ya azurta shi da ɗa, sannan 'ya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci.

Zaman gidan yari

A 1993 gardama ta haɗa shi da wani direba a bakin shagonsa, ya kai masa ƙarfe, direban bai tashi ba. Aka yanke masa shekara goma sha biyu a gidan yarin garin, matarsa ta rantse 'ya'yanta ba za su taka ƙofar kurkuku ba.

Shekara biyu ba a ji kansa da kowa ba, har wata hatsaniya ta kai shi ɗakin horo. Daga nan ya rikiɗe. Yau ya fasa wa wani baki a layin abinci, gobe ya shaƙe wani a kan bargo, a kulle shi, ya fito ya sake, kotu tana ta ƙara masa wa'adi.

Zuwan likita

A 2008 aka kawo likitar halayyar ɗan Adam. Ta duba cunkoson gidan yarin, ta duba dukan da ya sha a maƙera yana yaro, duk ba su gamsar da ita ba, domin da an yi hutun makaranta sai Guduma ya koma salihi. Ta sa aka buɗe mata ɗakin horon, ta taka bokiti ta leƙa tagar. Hanyar makaranta ake hangowa. Ta je ta sami Guduma.

"Baba, don wannan kake zubar wa mutane haƙora?"

"Ai ƙarti nake zaɓa, Likita."

"'Yarka fa ta gama makaranta tuni."

"Na sani. Amma kullum akwai mai irin tafiyarta."

Ta sa aka ba shi sharar ɗakin kowace safiya. Bai sake ɗaga wa kowa hannu ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a 2011 bayan jinyar ciwon ƙirji, saura 'yan watanni a sallame shi, aka binne shi a maƙabartar bayan gari. Ya bar 'ya'ya biyu: babban, makanike ne, sai Uwata, ungozoma, wadda ta shaida wa likitar a wurin ta'aziyya cewa ba ta taɓa bin hanyar nan ba, ta bayan kasuwa take zagayawa don kada ƙawaye su nuna mata ginin.