Baba Sale da Numfashin Tanki

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Baba Sale, ƙanen mahaifina, a Ƙanƙara, ya san ba ya buɗe tankin mai sai ya kara kunne. Zai murɗa murfin kaɗan, iska ta fara fita fiiis, ya ja da baya ya harɗe hannu. "A bar shi ya yi numfashi," in ji shi.

Dalilin kuwa a fuskarsa yake. Yana saurayi ya ɓalle murfin tankin da ya wuni a rana, kusa da mai walda. Fetur ya feso, wuta ta cinye masa gira da rabin kunci. Tun ranar ya rantse ba wanda zai ƙone a garejinsa.

Sai dai abin ya wuce tanki. A wani suna a Faskari aka ba shi rabon lemo, muka kusa mutuwa da ƙishirwa, don kowace kwalba sai ta yi numfashi. Har fulas bai bari ba. Matarsa Inna Hajara ta ce, "Malam, shayi ne hwa!"

"Shi ma shina da hushi."

Ranar kasuwar 'Yankara wani direba ya taho daga Sabuwa da lodin masara, mota ta yi zafi zau, ya tsaya a garejin, ga taba a bakinsa. "Baba, kasuwa za ta tashi!" Ya kai hannu ga murfin tankin. Baba Sale ya make hannun, ya fizge tabar ya take, ya nuna kuncinsa.

"Dubi nan. Ni Hajara ta aure ni don tausai. Kai wa za ya tausaya maka da wanga hanci?"

Walda kuwa, sai an juye mai, an wanke tankin, an cika shi da ruwa. Wani ya ce, "Ai babu komi cikinshi."

"Wanda babu komi cikinshi ya hi hwashewa. Kamar kanka."

Mun sha yi masa dariya, wallahi. Amma ranar jana'izarsa kanikawan da ya koyar suka cika sahu, daga Mabai har Sabuwa. Na bi fuskokinsu da kallo, babu mai tabon wuta ko ɗaya, sai shi da muke shirin rufewa. A nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya sanyaya makwancinsa, ya nisanta fuskar nan da wuta har abada. Amin.