Fuskar da Ban Kalla Ba

Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka gani a gidanmu na Tudun Wada: uwa ba ta hira da ɗan fari, ba ta ƙura masa ido. Da ta dawo gida goyon ciki a wata na bakwai, na gyara mata ɗakin kusa da rijiya, na ci gaba da yi mata magana ina kallon wani wuri.

Ƙafafunta kam na gani, tunda ƙasa nake kallo. Silifas ya daina shigarta. Na yi sakandare, na san kumburi irin wannan ba na lafiya ba ne, amma tambayarta ta yi mini nauyi. Sai na tafi wani kemis a Kwangila. Mai shagon ya ce akwai ƙwayoyin bitamin masu wanke jini, su buɗe jijiyoyin mabiyiya, har likitoci na bincike a kansu. Na saya da murna, don na sami abin da zan yi mata ba sai na buɗe baki ba. Kullum in ajiye biyu a gefen kwanon kokonta.

Wata Laraba maƙwabta biyu sun shigo muna gyaran zogale a tsakar gida, sai 'yar tawa ta fito ta tsaya a bayana.

"Inna, kaina. Kuma ina ganin wasu taurari-taurari."

Ɗaya daga cikinsu ta yi dariya, ta ce bari su gani ko yau Hajiya za ta rungumi 'yar fari. Ban waiwaya ba. Na ce ta sha maganinta ta kwanta.

Ina alwalar la'asar na ji faɗuwarta. Jijjiga ce. Motar maƙwabci ta kai mu asibiti, aka yi mata aiki, aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya aka sa a kwalba.

Na roƙi a ba ni mabiyiyar in wanke in binne, yadda aka saba. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ita ta kawo mini da kanta a roba. Na sha wanke mabiyiya a unguwarmu, ban taɓa ganin ƙarama haka ba, ga wasu farare-farare a jikinta. Ta ce jijiyoyin ne suka tsuke, jini bai isa ba. Na nuna mata ƙwayoyin. Ta ce ana dai gwada irinsu, amma ba a tabbatar suna hana wannan ciwo ba. Awon hawan jini ne da ya nuna tun da wuri. Sannan ta ɗauki biro.

"Mama, tun yaushe fuskarta ta kumbura?"

Wata guda muna gida ɗaya. Na ce ban sani ba. Ta rubuta.

Allah Ya tashi kafaɗunsu su biyun. Ranar suna ina rabon waina na jiyo ta a ɗaki tana gaya wa dangin mijinta irin kulawar da na yi mata, wai har Kwangila na je neman magani. Suna ta sa mini albarka. Na ajiye farantin na shiga banɗaki, na daɗe ban fito ba. Har yau ban gyara mata labarin ba.