Lambar da Na Ba Direban Agadas

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga ajin farko na ƙaramar sakandare, Yaya Nura ya dawo gida Daura daga Kano da wata 'yar farar na'ura mai ƙahoni biyu. Ya ce sunanta rauta, ita za ta kawo mana intanet. Na bar wankin kwanuka a bakin rijiya, na zo na tsuguna da kumfa a hannuna ina kallon fitilunta suna ƙyaftawa. Da ya kifa ta, na ga lambobi a bayanta: 192.168.0.1. Na tambaye shi, ya ce ai adireshinta ne. Kafin la'asar na haddace su kamar karatun allo.

A lokacin ƙanen mahaifinmu, Baffa Isuhu, ya daɗe da tafiya Libiya neman aiki, layinsa ya daina shiga. Kakarmu ba ta cika maganarsa ba, amma kullum aka kwashe tuwo sai ta sa a rufe kwano ɗaya. Da yamma tana tsinkar zogale ta ce da ni, "Ke 'yar boko, wannan abin zai iya nemo mutum?" Ni kuwa da rawar kai na ce mata ai gidanmu ya sami adireshi a duniya, duk wanda ya buga lambar, ko daga ina yake, cikin tsakar gidanmu zai faɗo. Na yarda da abin da na faɗa har zuciyata. Na rubuta lambar, Kaka ta sa aka kai wa wani direba da ke lodi daga Mai'adua zuwa Agadas, ko Allah zai sa ta isa hannun Baffa.

Bayan 'yan makonni malamin kwamfuta ya tambaya ko akwai wanda ya san wani adireshin intanet. Na miƙe na rera lambarmu. Wata yarinya ta ce ƙarya ne, ta shagon babanta ce. Malam ya raba mu yana murmushi. Ya ce irin wannan lamba ta cikin gida ce, masana'anta ke sa ta, gidaje ba iyaka suna da ita, kuma ba ta aiki daga waje. "Kamar ki ce wa baƙo ya same ki a zaure," in ji shi. "Wane gida ne ba shi da zaure?" Aji ya fashe da dariya. Ni ba dariyar ta dame ni ba, Kaka na tuna.

Na kasa gaya mata. Kullum sai ta goge na'urar da gefen zaninta, in fitila ta ƙyafta ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai in kama shara.

Bayan girbi Baffa ya kira wayar babanmu daga garin Sabha na Libiya, lafiyarsa lau, wayarsa ce aka sace. Gida ya ruɗe da guɗa. Kaka ta riƙo hannuna a gaban kowa tana cewa, "Lambar jikata ce ta kai, Allah ya yi miki albarka." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yau kowa a gidanmu yana da waya, Baffa ma ya dawo, daga gonarsa a Baure yake kiran mu muna ganin fuskarsa. Kaka ta rasu ba ta san gaskiyar ba. Albarkar da ta sa mini har yanzu tana yi mini nauyi, kuma ba zan so a karɓe ta ba.